Fitilun gari ba su ne matsalar ba, iska ce

Ranar da na ce zan sayi telesko wani abokina dariya ya dinga yi min, wai a cikin garin da ko taurari ashirin ba ka iya ƙirgawa da daddare me zan gani? Kuma daren farko kamar ya yi gaskiya, don na juya ta wajen Andromeda, tarin taurarin nan da ake ta yaɗa hotonsa, abin da na samu wani ɗan dishi-dishi ne kamar shatin yatsa a jikin gilashi. Wallahi raina ya ɓaci.

Sai da na koma kan duniyoyi na gane ashe ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Su haskensu da ƙarfi yake kuma a dunƙule, fitilar titi ba ta iya shafe su. Telesko ɗin tawa mai madubi ce mai faɗin inci 6, zangon haskenta, wato nisa daga madubin zuwa inda hasken yake taruwa, milimita 1200, in na sa gilashin ido, wanda ake leƙawa ta cikinsa, mai milimita 10 sai ta girmama abu sau 120, raba wancan da wannan kawai za ka yi.

Mushtari, wato Jupiter, ita ta fara kama ni. Ga layuka biyu masu duhu sun ratsa ta kamar ɗamara, ga watanninta huɗu a jere, Io da Europa da Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani tun 1610 da na'urar da ba ta kai tawa ba ko kusa. Gobe in ka dawo sun canza wuri, wani ma ya ɓuya a bayanta, kuma da yake ba ta cika awa 10 take zagaya kanta, a zama ɗaya za ka ga jan tabon nan nata, wata ƙatuwar guguwa a jikinta, ya matsa. Amma fa kar in yi ƙarya, na fi wata biyu kafin na iya ganin tabon, kuma ba ja ba ne sosai kamar na hoto.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne iska. Rufin gidaje da kwalta suna shan zafin rana, da dare su dinga sakinsa, in ka hango duniya ta saman rufi sai ka ga tana rawa kamar kwabo a ƙasan ruwa, duk yadda ka murɗa ba za ta fito tas ba. Yanzu fitar da teleskon nake waje ta yi kamar minti 40 ta huce, in jira duniyar ta hau sama sosai, sannan in zauna, a zaune fa ba a tsaye ba, in zuba ido ina ɗan tura ta da hannu don minti ɗaya zuwa biyu duniyar ta fice daga gilashin. Can sai iskar ta tsaya cak na daƙiƙa biyu ko uku ka ga komai ras. In na ga taurari suna ƙyaftawa da yawa ma na san daren ba kyau, ba na wahalar da kaina.

Zara kuwa, wato Venus, sauƙi, tana yin rabi tana yin lauje kamar jinjirin wata. Mars ce mai ja min rai, sai kusan kowane wata 26 take matsowa, sauran lokaci ɗigo ce kawai.

Shi abokin nawa Zuhal na nuna masa, wato Saturn mai zobe. A Maris 2025 zobenta ya juyo mana gefe har ya kusa ɓacewa, a hankali yake sake buɗewa sai wajen 2032 zai buɗe sosai, to lokacin da ya zo siriri ne kamar an soke ƙwallo da allura. Ya leƙa ya yi shiru, sai ya zagaya gaban teleskon yana duba ko sitika na manna.