Abin da na gani bayan mun kai ruwa da wuta ƙauyuka

Na yi shekaru ina cikin tawagar da ke haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola, daga baya muka ƙara da 'yar tashar wuta ta gari guda, wato a jera farantan sola da batura a wuri ɗaya a ja waya zuwa gidaje da shaguna ba sai an jira babban layin gwamnati ba.

Canjin da ruwa ke kawowa shi ne wanda ake gani da ido tun makon farko, kuma a jikin 'yan mata ake fara ganinsa. UNICEF ta ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata na ɓata awa miliyan 200 kullum a duniya wajen ɗibar ruwa, ni kam na ga hakan, yarinyar da da sai rana ta take take shiga aji saboda ta je rafi yanzu da ita ake fara darasi. A ƙaramin asibiti kuwa firjin rigakafi ne ya fi faranta min rai, don allurar tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in babu wuta lalacewa take yi.

Amma wuta a gida ita kaɗai ba ta sa kuɗi a aljihu, wannan na jima kafin in gamsu da shi. Akwai binciken da aka yi a yammacin Kenya da ya nuna gidajen da aka jona wa wuta samunsu bai wani ƙaru ba a shekarun farko, kuma haka muka gani mu ma, ƙwan fitila biyu da cajin waya shi kenan, abin da ake tarawa a wata ba zai sayi sabon batir ba in na farko ya mutu, alhali zafi na kashe batirin dalma da wuri sosai. Inda tasharmu ta tsaya da ƙafafunta shi ne inda aka samu mai walda da mai injin niƙa da tela da mai firji suna jan wuta da rana lokacin da farantan ke bayarwa sosai. Shi ya sa daga baya tun kafin mu kafa turke muke neman masu sana'a, a ba su inji su riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Sai maganar gyara, wallahi nan ne zuciyata ke ɓaci. Ka shiga ƙauye ka tarar da famfon tuƙa-tuƙa a mace shekara da shekaru saboda wata 'yar roba da ta cinye, ba wanda ya san inda ake sayenta. Yanzu ba ma barin gari sai mun koya wa matasa biyu gyara, mun bar musu kayan canji, an kafa kwamiti da asusu, kuma a inda na yi aiki dai asusun da ke hannun mata ya fi daɗewa. Har mai goge ƙura a kan faranti sai an sa masa albashi, in ba haka ba wutar raguwa take ta yi ana cewa inji ne ya lalace.

Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ɗauki alkawarin kai wuta ga mutum miliyan 300 a Afirka nan da 2030, cikin kusan miliyan 600 da ba su da ita. Ina murna da hakan ƙwarai, tambayar da zan yi musu kawai ita ce nawa aka ware don horar da makanikai da canjin batura bayan an gama bikin buɗewa.