Mako Uku a Bakin Magudanan Jazira

Mu takwas ne daga ajinmu na nazarin lafiyar al'umma a Kano aka tura Sudan domin aikin gani da ido na mako uku. Ba zan ɓata lokaci kan jirgi da Khartum ba, sai dai jami'in da ya tare mu a wani shingen bincike kan hanyar Wad Madani, babban birnin yankin Jazira. Ya yi ta jujjuya fasfona, ya ce hatimin rajistar baƙi bai fito sosai ba, ya shanya mu a rana fiye da awa guda. A gida da mun san abin da irin wannan jinkirin yake nufi, amma shi ko sisi bai nema ba. Wulaƙancin ne kawai abin marmarinsa.

Jazira ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wadda Turawan Ingila suka mayar gonar auduga bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Ruwan da ya kawo arzikin shi ne ya kawo tsargiya, cutar fitsarin jini, domin ƙananan katantanwar da ke goyon ƙwayar cutar ba su da wurin da ya fi musu daɗi kamar ciyawar bakin magudana. An haɗa mu da ɗaliban Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975 kuma ta yi suna wajen fitar da ɗalibanta zuwa ƙauyuka tun ba su yi nisa a karatu ba, kuma gaskiya sun fi mu sanin yadda ake shiga gidan mutum a yi masa tambaya ba tare da ya ji ana tuhumarsa ba.

Aikinmu shi ne karɓar fitsarin 'yan firamare da hantsi, mu tsoma takardar gwaji mu duba jini, sannan a tsayar da yaro jikin sandar awo, tsayinsa ya nuna yawan ƙwayar Praziquantel, maganin tsargiya, da zai sha bayan ya ci abinci. Na ga kwalaben da ba sa bukatar wani gwaji, ja wur kamar zoɓo, sai na tuna da yaran Kura da Kadawa a Kano, inda har yanzu wasu ke ɗaukar jinin nan alamar balaga.

A rana ta biyar aka kai mu wani kambo, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, kuma ina ta haɗa Larabcina na makarantar allo sai wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, yi Hausarka, kana wahalar da kanka." Kakanta ne ya baro ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare a nan, ita kuwa ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kisira, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa busasshiya, ta hana mu tashi sai da muka sha gahawa zagaye uku. Da na soma yi mata bayanin hana yara shiga ruwa, sai ta nuna mini magudanar da ke bayan gidanta ta ce, "To ɗana, a ina za su yi wanka, a ina zan yi wanki?" Na duba takardar tambayoyinmu mai shafi huɗu, babu gurbin da zan rubuta wannan. Na ce, "Inna, kin fi ni gaskiya."

Abinci a kasuwa bai kai na Kano tsada ba, kuma tulunan ruwan sha da ake girkewa a bakin titi kyauta sun burge ni, ko da yake kofi ɗaya da kowa ke sha da shi ya hana ni sakewa. Agashe kuwa tsirenmu ne sak, har ƙuli-ƙulin, kuma mai gashin da ya ji Hausa a bakina ya ƙara mini tsinke biyu. Masu keke mai ƙafa uku, da suke kira rakasha, su ne dai ba su da bambanci da namu wajen ninka wa baƙo kuɗi.

Mako na ƙarshe mun leƙa Mairuno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, muka gaida manya, muka kwana ɗaya. Daga nan sai Khartum da rubuta rahoto, wanda har yanzu ban gama babinsa na shawarwari ba.