Kwana Uku a Kan Keke Cikin Duwatsun Atlas

Tun daga bayan garin Marrakesh na ƙasar Maroko mutum yake hango duwatsun Atlas ta kudu, sun tokare sararin sama kamar ganuwa, kawunansu fari fat da dusar ƙanƙara, alhali a ƙasa rana tana dukan ƙeya. Da safiyar wata Talata cikin watan Afrilun 2024 muka nufe su, ni da abokin tafiyata da jagoran da muka ɗauka, kekunanmu uku ɗaure a saman mota. Tsakanin birnin da ƙauyen Imlil, inda za mu fara hawa keke, kimanin kilomita 65 ne, amma tafiyar ta ci mana kusan awa biyu, domin da zarar an bar fili hanya take kutsawa cikin kwazazzabo, tana murɗewa tare da kogi har garin Asni, daga nan kuma ta kama hawa. A lokacin watanni bakwai ke nan da girgizar ƙasar ranar 8 ga Satumban 2023, wadda ƙarfinta ya kai maki 6.8, ta kuma yi sanadin rasuwar mutane kusan dubu uku. Tabonta bai ɓace ba: ga tantuna a gefen garuruwa, ga bangaye a tsage, ga manyan duwatsun da aka ture gefen titi bayan sun gangaro sun toshe shi.

Imlil yana mita 1,740 sama da teku, a mahaɗar kwaruruwa, kuma daga nan ne masu hawa Tubkal suke tashi. Tubkal, mai tsawon mita 4,167, shi ne dutse mafi tsayi a arewacin Afirka, kuma shi ne ƙololuwar jerin duwatsun da suka miƙe kimanin kilomita 2,500 daga Maroko suka ratsa Aljeriya har Tunisiya. Tun 1942 aka keɓe kewayensa a matsayin gandun da hukuma take karewa. Mu dai ba ƙololuwa muka zo nema ba, don keke ba shi da aiki a can. Burinmu mu haye mashigin Tizi n'Tamatert ta gabas, mu kwana a Tashedirt, mu gangara kwarin Imenan, sannan mu ƙare a kan tudun Kik. Kalmar tizi a harshen Amazig, wato yaren mutanen duwatsun, tana nufin mashigi tsakanin duwatsu biyu, shi ya sa ta cika taswirar yankin.

Hawan farko shi na fi tsoro tun kafin mu taso, kuma ya ba ni wuya daidai yadda na zata. Daga Imlil zuwa mashigin, wanda yake mita 2,279, mutum zai ɗaga sama da mita 500 cikin 'yan kilomitoci, a kan hanya mai lanƙwasa bisa lanƙwasa da ta ratsa ƙauyen Tamatert da wani kurmi na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Ban yi nisa ba na koma giya mafi sauƙi, ƙafa tana ta juyi keke yana tafiyar hawainiya, numfashina kuwa sama-sama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a irin wannan tsayi nauyin iska ya ragu zuwa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da yake a bakin teku, saboda haka kowane numfashi yana shigar da ƙasa da abin da jiki ya saba samu. Jagoranmu, saurayi siriri wanda ko gumi ban ga ya yi ba, ya ce in daina kallon saman dutsen, in riƙa ƙirga lanƙwasa ɗaya-ɗaya. Da wannan dabara, da tsayawa sau huɗu da na fake da ɗaukar hoto, na isa.

Gani ya kori ji. A bayanmu kwarin Imlil ya koma ɗan koren zare a ƙasan duwatsu, a gabanmu kuma kwarin Imenan ya buɗe, ƙauyukansa manne a jikin gangara, launinsu ɗaya da ƙasar da aka gina su da ita, har sai mutum ya ƙura ido kafin ya bambance gida da dutse. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kore da fari suka rabu kamar an ja layi da wuƙa. Duk inda magudanar ruwa ta bi, ƙasanta gonaki ne hawa-hawa kamar matakala, da itatuwan tuffa cikin fure. Taku ɗaya a samanta kuwa tsakuwa ce zalla da ƙaya, sai gajerun itatuwa masu murɗaɗɗen jiki jefi-jefi. Wasu baƙaƙen tsuntsaye masu kama da hankaka, sai dai babu farin ƙirji kuma bakinsu rawaya ne, suna ta shawagi a iskar mashigin ba tare da kaɗa fiffike ba. Daga nan hanya ta kwanta a gefen dutse har Tashedirt, mai tsayin kusan mita 2,300. Rana tana faɗuwa sanyi ya sauko kamar an zubo shi, wanda ba abin mamaki ba ne tunda zafi yakan ragu da kusan digiri shida da rabi a kowace mita dubu da aka hau.

Na kwanta ina ganin na gama da mai wuyar, saura gangara, wadda ko yaro ya iya. Washegari ido ya raina fata.

Hanyoyin da muka bi muka sauka kwarin Imenan ba don keke aka yi su ba. Sawun alfadarai ne da na mutane, tsararraki bayan tsararraki, faɗinsu bai fi kamu biyu ko uku ba a wurare da dama, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Alfadari kuwa ba ruwansa da matakalar dutse ko lanƙwasa mai kaifi kamar gwiwar hannu, yana ɗaga ƙafa ya wuce abinsa. Taya ce take shan wahala. Kafin mu tashi jagoran ya rage wa tayoyinmu iska domin su riƙa kama ƙasa maimakon su riƙa tsalle a kan tsakuwa, ya sauke mana sirdi ƙasa sosai, ya duba igiyar hular kwanon kowa. Duk da haka ba mu yi minti ashirin ba na sha ƙasa. Na hango wani dutse a tsakiyar hanya, na kafe shi da ido don in kauce masa, keken kuwa ya nufe shi kai tsaye kamar an aike shi, ni kuma cikin firgita na damƙe birkin gaba gaba ɗaya. Sai ji na yi na bi ta saman kan keken na dira a kan kafaɗa. Allah ya kiyaye, ban samu komai ba sai ƙujewa a gwiwar hannu da ƙura a baki.

Jagoran ya dawo da ƙafa, ya tabbatar ƙashi lafiya, sannan ya ce: "Ɗan'uwana, keke idonka yake bi. Ka kalli inda kake son wucewa, ka ƙyale abin da kake tsoro." Ya nuna mini yadda zan miƙe a kan feda, ƙafafu a daidaice, gwiwoyi da hannuwa a sake, ƙugu ya ɗan koma baya idan gangara ta yi tsanani. Birkin gaba, in ji shi, shi ne mai ƙarfin tsayarwa, don haka ba a gudunsa, amma da yatsa ɗaya ake lallaba shi, kuma kafin lanƙwasa ake rage gudu, a cikinta sai a saki. Ya kuma hana mu riƙe birki ba sassauci a doguwar gangara, saboda faifan birkin yakan yi zafi har kamunsa ya ragu. Wannan matsala ta girmi dukkanmu: a Kaliforniya ta Amurka, inda wasan hawan keke a duwatsu ya samo asali, tseren gangara da aka fara a 1976 an sa masa suna Repack ne, wato "sake cusawa" a Turanci, saboda man birkin tsofaffin kekunan yakan ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowace sauka.

Daga nan tafiyar ta canja mini. Na fara karanta ƙasa kamar rubutu: inda tsakuwa ta yi haske a sake take, taya za ta zame, inda ƙasa ta yi duhu akwai danshi, za ta kama, inda ciyawa ta yi layi a jikin gangara akwai magudanar ruwa, kuma galibi gefenta ne hanya mafi laushi, tunda wanda ya haƙa ta ya bi kwanciyar dutse a hankali don kada ruwan ya yi gudu. Mun bi gefen wata irin wannan magudana mai nisa, ruwan narkakkiyar ƙanƙara yana gudu kusa da tayata, sanyinsa yana bugun ƙafa. Sau uku muka haɗu da alfadarai ɗauke da kaya, kuma kowane karo jagoran yakan sa mu sauka mu rakuɓe ta ɓangaren dutse, mu bar dabbar ta wuce, domin wanda ya tsaya ta bakin rami kaya kaɗai ya ishi ya ture shi. A ganina wannan daidai ne ko da babu haɗari, don masu hanyar ke nan, mu baƙi ne. A ƙasan kwarin muka tsallaka kogi da kekuna a kafaɗa, tsakanin duwatsu masu girman ɗaki da ruwa ya mirgino. Wanda ya gan su zai fahimci yadda ambaliyar watan Agustan 1995 ta yi ɓarna a kwaruruwan wannan yanki cikin ɗan lokaci, bayan hadari ya zubar da ruwansa a saman duwatsun da ba su da ƙasar da za ta shanye shi. Muna ƙara sauka duwatsun suna sauya launi daga baƙi-baƙi da toka zuwa ja wur, har muka fito Asni da la'asar, yatsuna sun sandare saboda birki, cinyoyina suna rawa fiye da jiya.

Rana ta uku hutu ce idan aka kwatanta. Bayan hawa ɗaya mai ɗan tsawo muka samu kanmu a kan tudun Kik, shimfiɗaɗɗen fili na farin dutse da gonakin hatsi kore shar, jajayen furanni sun bazu a cikinsu, hanyar kuma faffaɗa ce ta ƙasa wadda mutum zai iya ɗaga kai ya yi kallo ba tare da ya biya da fatarsa ba. Sai a nan na ga jerin duwatsun gaba ɗayansu, daga gabas zuwa yamma, Tubkal a tsakiyarsu, bai ma fi maƙwabtansa da wani abin a zo a gani ba daga wannan nisa. Na nemi mashigin da ya kusa fitar mini da rai shekaranjiya, jagoran ya nuna mini wajen da yatsa, na kasa rarrabe shi.

Gangarar ƙarshe ta kai mu tafkin Lalla Takarkust, wanda ya samu daga madatsar da aka kammala a 1935 a kan kogin Nafis. Ruwan ya ja baya sosai saboda shekarun fari da suka jera, ya bar faffaɗan zobe na busasshen laka a kewaye. A tsakiyar gangarar akwai wata lanƙwasa mai tsakuwa da wani dutse zaune a bakinta, kusan irin wanda ya kayar da ni. Na rage gudu tun daga nesa, na mayar da idona kan 'yar tazarar da ke hagunsa, na saki birki, na wuce. Abokin tafiyata da ke biye da ni ya ce tayar baya ta shafi dutsen, ni dai ban ji ba. A bakin tafkin muka jingine kekunan, na cire safar hannu da ƙyar, na tarar da ƙurar Imenan har yanzu tana cikin ƙujewar gwiwar hannuna.