Yadda nake auna fassarar bayani kafin in karanta ta a gaban jama'a

Fassarar Littafi Mai Tsarki iri uku ce a teburina. Akwai mai bin Ibrananci da Helenanci kalma da kalma, akwai mai bin ma'anar jimla, wadda masanin fassara Eugene Nida ya shimfiɗa ƙa'idodinta a 1964, sai kuma wadda nake kira fassarar bayani, inda mutum ɗaya yake sake faɗin nassin da nasa bakin. Ta ukun ce ke ba da wahala. Ga misalanta biyu na Turanci: Kenneth Taylor ya fitar da The Living Bible a 1971, kuma daga wata fassarar Turanci ta 1901 ya yi aikinsa, bai koma harsunan asali ba. Eugene Peterson, wanda ya kammala The Message a 2002, shi daga Ibrananci da Helenanci ya yi nasa. Abin da nake fara bincika ke nan: wa ya yi, daga ina ya ɗauko, mutum nawa suka duba bayansa. Gabatarwar littafin takan faɗa, sai dai yawancinmu tsallake ta muke yi.

Ba na ƙin irin wannan aiki. A Nehemiya 8:8 Lawiyawa sun karanta Shari'a, sa'an nan suka yi bayani don jama'a su gane. Amma karatun daban, bayanin daban, kowa yana jin inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara. A fassarar bayani an dama su a ƙwarya ɗaya, aikina shi ne in raba su.

Ina ɗaukar sashe guda, mai ayoyi goma zuwa goma sha biyar, ba na ɗaukar aya ɗaya tilo. Ina jera shi a shafi uku: fassarar kalma da kalma a hagu, ta Hausa a tsakiya, ta bayani a dama. Biro uku nake riƙewa. Ja na abin da aka ƙara ne, shuɗi na abin da ya ɓace, kore kuma na wurin da nassin ke ɗauke da ma'ana biyu amma aka zaɓa mini ɗaya. Sashe ɗaya yakan ci mini kusan awa guda, kuma da farko nakan yi kuskuren bin lambar aya. The Message tana haɗa ayoyi a dunƙule, har bugunta na farko babu lambobin aya sam, don haka jimla nake bi yanzu. Lambobin ma ai daga baya suka zo: Robert Estienne ne ya sa na Sabon Alkawari a 1551.

Jan biro shi ya fi sauƙin aiki. A Matiyu 6:11 roƙon abincin yini ya koma abinci sau uku a rana a The Message. Babu "uku" a Helenancin. Ƙarin bai rushe koyarwa ba, amma wanda ya gina wa'azi a kan "uku" ya gina a kan Peterson.

Shuɗin ya fi wuya, domin abin da babu shi ba ya ɗaga hannu. Yohanna 1:14 ta ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, The Message kuwa ta ce ya tare a unguwarmu. Maganar tana da daɗi, tana kuma kawo kusanci. Amma kalmar Helenancin daga "alfarwa" aka samo ta, ya kafa alfarwarsa a cikinmu, nan take kuma Yohanna ya ce mun ga ɗaukakarsa. Wanda ya san Fitowa 40:34 zai tuna ɗaukakar Ubangiji da ta cika alfarwa ta sujada. Unguwa ta shigo, alfarwa ta fita, igiyar da ta ɗaure ayar da Tsohon Alkawari ta tsinke. Daga nan na koyi duba kowace siffa da aka sabunta, in tambaya ko tsohuwar tana nuni ga wani wuri a Littafin.

Maimaici ma yakan ɓace. A Yohanna 15:4 zuwa 10 kalmar "zauna" ta zo sau goma a Helenanci. Mai son salo ya ga kamar gajiya ce, sai ya sauya ta da kalmomi uku ko huɗu, mai karatu kuma ya kasa jin gangar da ake bugawa. Haka ƙananan kalmomin haɗi, "gama", "saboda haka", "domin". Wasiƙun Bulus a kansu suke tsaye. Idan "saboda haka" ta Romawa 12:1 ta dushe, gargaɗin ya rabu da surori goma sha ɗaya na jinƙan Allah da suka haife shi. Nakan zagaye waɗannan kalmomi a shafin hagu, in ƙirga nawa suka tsira a dama.

Koren biro ne ya fi sauya tunanina. A Yohanna 3:3, inda Yesu ya yi wa Nikodimu maganar haihuwa, kalma ɗaya ta Helenanci tana nufin "sake" tana kuma nufin "daga sama". Nikodimu ya kama ta farko, shi ya sa ya yi maganar komawa cikin mahaifiya, alhali a 3:31 kalmar ta fito da ma'anar daga sama. The Living Bible ta ɗauki "sake", The Message ta ɗauki "daga sama". Babu wanda ya yi ƙarya, amma a kowanne ruɗewar Nikodimu ta rage ma'ana. A 2 Korantiyawa 5:14 kuwa Hausa ta yi sa'a: "ƙaunar Almasihu" na iya zama wadda yake mana ko wadda muke masa, daidai yadda Helenancin ya bar ta a buɗe. Na fi karkata ga wadda yake mana, domin ayar ta ci gaba da maganar mutuwarsa saboda kowa, amma ina so in kai ga wannan da ƙafata.

Wani wurin fassarar bayani ce ke gaba. Turancin yau ba ya bambanta "kai" da "ku". A Luka 22:31 da 32 Yesu ya ce Shaiɗan ya nemi ya sheƙe ku, jam'i, amma na yi maka addu'a, kai Bitrus. Fassarar Turanci mai bin kalma takan rufe wannan, The Message kuwa ta fito da shi fili. Mai karatun Hausa yana da wannan a kyauta, shi ya sa shafin tsakiya ba ya fita daga jerina. Da shi nake gyara Irmiya 29:11, wadda ake karantawa kamar alkawari ga mutum ɗaya: "ku" ce, wasiƙa ce ga waɗanda aka kai bauta Babila, aya ta 10 kuma ta ce sai shekara saba'in ta cika.

Bayan na gama, hukuncin ba shi da tsawo. Idan ja da shuɗi ba su taɓa abin da sashen ke koyarwa ba, nakan karanta fassarar bayanin bayan an karanta nassin, in faɗi sunan wanda ya yi ta. Idan batun da nake so in koyar a dama kaɗai yake, babu shi a hagu ko tsakiya, nakan soke shi daga takardata ko da ya fi kowane daɗin ji. Ga haddar aya da muhawarar koyarwa kuwa, shafin dama a rufe nake barinsa.