Sven Kramer da layin da ya cinye masa zinare

Jama'a, daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na shiga YouTube na faɗa kan tseren maza na mita 10,000 a kan ƙanƙara, na gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Vancouver ta Kanada a 2010. Wallahi har yanzu abin yana cina.

Zagaye 25 ake yi a fili mai mita 400, mutum bibbiyu, kuma kowane zagaye sai an yi musayar layi, na ciki ya fita waje. Sven Kramer ɗan Holan ya sunkuya, hannuwa a baya, yana ta sheƙa gudu ba alamar gajiya. Saura zagaye takwas kocinsa Gerard Kemkers ya nuna masa layin ciki, alhali waje ya kamata ya bi. Ana ganin yadda ya ɗan yi jim, sannan ya bi maganar kocin. Ya gama da ratar kusan sakan huɗu a gaban kowa, alƙalai suka soke. Bawan Allah ya tuɓe tabarau ya yi jifa da shi. Zinare sai hannun Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu.

Ni dai kocin ya fi ba ni tausayi, ina zai sa kansa a Holan? Amma Kramer bai rabu da shi ba, tare suka je Olamfik ta Sochi a Rasha a 2014, inda ɗan ƙasarsu Jorrit Bergsma ya sha gabansa a mita 10,000. Mita 5,000 Kramer ya lashe sau uku a jere, na 10,000 kuwa har ya yi ritaya a 2022 bai ci zinarensa a Olamfik ba.