Inayan, kalmar da na koya a aikin dare

Shekara uku muka yi tare a ɗakin jinyar tsofaffi na wani asibiti a Jidda, ni da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin. Ta girme ni, shi ya sa nake ce mata Manang, yadda ake kiran yaya mace a arewacin tsibirin Luzon. Da farko na ɗauka Tagalog ne harshen duk 'yan ƙasarsu. Sai na lura in ta kira gida, sauran 'yan Filifin ɗin da ke tare da mu ba sa fahimtar abin da take faɗa. Da na tambaya ta ce Kankanaey ne, harshen mutanen kan duwatsu, ana yin sa a garuruwan Sagada da Besao da Bauko da Tadian, da kuma arewacin lardin Benget, wajen Mankayan da Kibungan. Ita 'yar Sagada ce, garin nan da ake rataye akwatunan gawa a jikin dutse.

Aikin dare yana da tsawo. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, in marasa lafiya sun samu barci, sai mu zauna da shayi, ta ba ni kalma in ba ta kalma. Ina rubutawa a bayan wani tsohon littafin awon zafin jiki, har yau yana nan a jakata.

Na fara da gaisuwa. Gawis shi ne mai kyau, gawis ay agsapa kuwa barka da safiya. Iyaman, na gode. Danum ruwa ne, ili kuma garin da aka haifi mutum. Ranar da ta ce min kalmar "mata" a wurinsu ido take nufi, "ina" kuma uwa, mun daɗe muna mamaki, don ga Inna a bakina tun ina yarinya. Dacewa ce kawai, harshensu ɗan dangin Malay ne, ba abin da ya haɗa shi da namu. Ƙaramin layin da suke sakawa a tsakiyar kalma, kamar a sik-a, wato kai ko ke, aikin hamzarmu yake yi, irin ta sana'a. Wannan bai ba ni wahala ba. Wasalin da suke rubutawa da e shi ne ya ɗauke ni watanni, don daga tsakiyar baki yake fita, ba irin namu ba ne.

Suna da wani i- da suke liƙawa a gaban sunan wuri, kamar ba- ɗinmu na Bakano da Bazazzagi. Mutumin Sagada iSagada ne. Sunan Igorot ma da ake kiran duk ƙabilun duwatsun nan da shi daga nan ya fito, ma'anarsa mutanen dutse. Abin da ya fi burge ni a nahawunsu shi ne "mu" ɗinsu kala uku ne. Dakami mu ne ban da kai da nake wa magana. Datako mu duka har da kai. Daita ni da kai kaɗai. Mu da Hausa in aka ce "za mu ci abinci", baƙo sai ya duba fuskar mai gida kafin ya san ko da shi. A can kalmar kanta ta gaya masa.

Amma ba don waɗannan na zauna rubutu ba.

Akwai wani dattijo a gado na bakwai, shanyewar ɓarin jiki ta hana shi magana, kuma ba mai zuwa duba shi. Ƙa'ida ita ce a juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wani dare mun yi ƙarancin hannu, kowa ya jigata, sai wata daga cikinmu ta ce a rubuta an juya shi kawai, wa zai sani? Manang ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye kofinta, ta ce a hankali, "Inayan." Ta miƙe, na bi ta, muka juya shi.

Da asuba na tambaye ta ma'anar. Ta yi shiru, ta ce ba ta da kalma ɗaya da za ta ba ni. Sai ta shiga kawo misalai daga gida. Ka karkatar da ruwan da ke bi ta gonar shinkafar maƙwabcinka cikin dare, inayan. Ka matsar da dutsen iyaka, ka ƙazantar da idon ruwan da gari ke sha, ka wulaƙanta tsoho, inayan. Tsoro ne na aikata abin da ba daidai ba ko da ba mai ganinka, saboda Kabunyan, wanda kakanninsu suka sani a matsayin Ubangijin sama, yana gani, kuma abin zai dawo kanka ko kan 'ya'yanka. Ita Kirista ce 'yar Anglika, don masu mishan daga Amurka sun kafa coci a Sagada tun farkon ƙarni na 20, amma kalmar ba ta bar bakinta ba.

Na gwada mata haram, na ga ta fi ƙarfi ta fuskar shari'a. Na gwada kunya, sai na tuna kunya tana bukatar idon mutane. Can na faɗo kan alhaki. Na fassara mata karin maganar nan, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ta riƙe hannuna ta ce wannan ya kusa ƙwarai. Bambancin da na gani shi ne mu mun fi ambaton alhaki bayan an yi ɓarna, mu ce alhakin wane ne ya kama shi. Su kuwa inayan kafin a yi ake faɗa, hannu na kan hanya kalmar ta tare shi.

Ta ce yara a dap-ay suke jin ta, wato dandalin duwatsu inda dattawa ke zama gefen wuta su yanke shawarar gari. A nan ake sa ranar ubaya, ranar hutun da ba mai zuwa gona, a nan kuma ake tsara bikin begnas na noman shinkafa. Aikin gayya ma suna da shi, ub-ubbo suke ce masa, yau a gonarka gobe a tawa. Wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Morice Vanoverbergh, ya fitar da ƙamus na harshen yadda ake yin sa a Bauko a 1933. Damuwar Manang ita ce 'ya'yan ƙannenta da suka tashi a birnin Bagiyo sun fi sakewa da Ilokano da Turanci.

Kalma ta ƙarshe a littafina kasiyana ce. Ita ake faɗa wa wanda amfanin gonarsa ya lalace ko ya yi rashi, ma'ana komai zai daidaita. Bara, daren da aka bugo min daga Zariya cewa an kwantar da Innata, ina tsaye a ɗakin magani na kasa riƙe allura. Manang ta karɓe ta daga hannuna, ta ce, "Kasiyana, ƙanwata," don ta riƙe wannan kalmar tamu. Ta ƙarasa min zagayen marasa lafiyata har gari ya waye.