Gidan haya a Jidda ba shi da zaure

Har gobe idan mota ta bi da ni ta wani layi a unguwar Bawadi sai na ji raina ya sosu. A layin ne wani mai ofishin dillancin gidaje ya ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi, sannan ya ce shaggar da muka yi magana a kanta, wato sashen haya a gidan bene, an riga an kama. Da hantsi muka yi waya, kafin Azahar ina gabansa. A waya Larabci muka yi, irin wanda muka sha a gaban malamai a Zariya, ya gaya mini kuɗin, ya yi mini marhaban, ya ce in zo in gani da idona. Da na yi sallama na shiga sai magana ta sauya. Wace ƙasa? Na ce Nijeriya. Na zaro igamata, wato katin izinin zama, na miƙa masa, ga sana'ata nan a rubuce, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a asibiti. Ko hannu bai sa ya karɓa ba. Cewa ya yi mai ginin ba ya son hayaniya, mu kuma mutum ɗaya ke kama gida, kafin wata ya zagayo an cika ko'ina da katifu har baranda. Allon tallar shaggar kuwa yana nan rataye a jikin ginin har aka yi Ƙaramar Salla.

Ban ce masa uffan ba. Na fito na tsaya a rana, wani abu ya tokare mini maƙogwaro. A garinmu gidanmu ba ɓoyayye ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana limanci a unguwa, ba a taɓa neman shaida a wurina kafin a ba ni wurin zama ba. Kuma ba jiya Bahaushe ya fara taka wannan ƙasa ba. Kakannin kakanninmu a ƙafa suka taho, ta Barno da Chadi da Sudan, wasu su shekara da yawa a hanya suna noma da ƙwadago, su tsallako Bahar Maliya daga Sawakin su sauka a wannan gari. Jikokinsu na nan a Makka da Madina da Jidda, 'yan ƙasa cikakku, suna amsa sunan Hausawi. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasa uku a tawagar Saudiyya Hausawi ne, kyaftin ɗin ma Usama Hausawi ne. Duk wannan ya zo mini a rai a bakin ofishin nan, amma wa zan gaya wa?

Cunkoson da yake faɗa akwai shi, sai dai bai tambayi mafarinsa ba. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, irin su Karantina da Gulel da Petromin da Sabil da Kandara da Hindawiyya. Nan ne matattarar takari tun tale-tale, nan ake samun ɗaki da araha, nan za ka ci tuwo da miyar kuka ka ji ana ciniki da Hausa. Da katafila ta bi ta kai, jama'a suka fantsama neman matsuguni a lokaci guda, haya ta yi tashin gwauron zabo. Mutumin da albashinsa bai wuce riyal dubu ɗaya da 'yan kai ba, ina zai iya kama shagga shi kaɗai? Dole a haɗa kai. To sai aka yi mana kuɗin goro, mai takarda da marar takarda, mai iyali da gwauro.

Wanda ya share mini hawaye wani dattijo ne tela, mutumin Damagaram, da muke haɗuwa a masallaci. Ya daɗe a garin har 'ya'yansa sun fi jin Larabci a kan Hausa. Da na ba shi labari sai ya ce, “Ɗana, bar shi da halinsa. Gobe bayan La'asar ka same ni a shago.” Shi ya kai ni wani ofishin, amma kafin mu je sai da ya zaunar da ni ya biya mini karatun haya tun daga farko, kuma a abin da ya gaya mini ban ga wanda ya faɗi ƙasa banza ba.

A nan ba a haya da fatar baki. A gida mun saba dillali ya kai ka wurin mai gida, a kira shaidu biyu, a rubuta rasit, shi ke nan. A Saudiyya kuwa tun 2018 yarjejeniyar haya sai ta bi ta Ejar, tsarin gwamnati na intanet. Ofis mai lasisi ne ke shigar da ita da lambar igamarka da bayanan mai gida da takardar mallakar ginin, saƙo ya shigo wayarka, ka karanta ka amince da hannunka. Baba tela ya ce duk wanda ya ce mini a bar Ejar a yi ta bayan fage don a rage mini wani abu, in ɗauki takalmina in fita. Yarjejeniyar da ba ta ciki, ranar da rigima ta tashi ba ka da abin riƙewa a gaban hukuma. Wadda ke ciki kuma tana kare ka tana kuma ɗaure ka: mai gida ba zai tashe ka tsakiyar shekara don ya samu wanda ya fi ka kuɗi ba, kai ma in ka ƙi biya kotun zartarwa zai nufa da ita kai tsaye, ba sai an yi doguwar shari'a ba, har ta kai a riƙe maka asusun banki. Tun Janairun 2024 ma kuɗin hayar kansa ta cikin tsarin ake biya, ta Mada ko Sadad, hanyoyin biyan kuɗi ta banki. Ba a miƙa wa haris, wato maigadin gini, ko dillali a hannu.

Shagga mai ɗaki uku na samu a unguwar Safa a kan riyal 24,000 a shekara, biya biyu, wata shida-shida. La'adar ofis kashi 2.5 cikin ɗari ce ta hayar shekarar farko, sai in an rubuta wani abu daban, wato tawa ta kama riyal 600. Akwai kuma kuɗin ajiya na ɓarna, wanda Baba ya dage sai an rubuta adadinsa a cikin yarjejeniyar. Maganar kafin alƙalami ce ya fi jan kunnena a kai. Wani yaro ɗan Maraɗi da muke aiki tare ya ga hoton shagga mai kyau da araha a wata manhajar talla, aka ce masa masu nema sun yi yawa, ya turo wani abu a ajiye masa. Ya tura rabin albashinsa, aka kashe waya. Gidan da ƙafarka ba ta shiga ba, ba ka ga ofis da lasisinsa ba, kada ko riyal ɗaya ya fita daga aljihunka.

Ranar da aka ba ni makulli na tarar da abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini daga gida. Fanko ne. Babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗaya, sai ramukansa a bango an toshe da katako. Kicin babu kanta babu komai, bakin famfo kawai. A Jidda kuwa mukayyif ba kayan ƙawa ba ne, zafi da gumin teku ba sa barin mutum ya runtsa in babu shi. Sai da na yi ta zirga-zirga a kasuwar gwanjo ta Sawarik kafin gidan ya zaunu, kuma abin da na kashe a nan ya kusa hayar wata uku. Baba ya sa na ɗauki hoton mitar wuta da na kowace tsaga a bango da kowane tayil da ya fashe, na tura wa ofis a ranar, aka mayar da mitar da sunana bayan an tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi ba. Ya sa na tambayi ruwa: yana cikin haya ko daban ne, kuma in tankin gini ya ƙafe aka kira wayit, wato tankar ruwa, wa zai biya? Wannan tambayar kaɗai ta raba ni da rigimar da maƙwabtana ke yi da haris duk bazara. Yanzu kuma yarjejeniya tana sabunta kanta in ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa kwana 60 kafin ta ƙare. A Riyad an hana ƙarin kuɗin haya har shekara biyar tun Satumbar 2025, mu na Jidda dai wannan sassaucin bai iso mu ba.

Ginin namu na masu iyali ne. A nan ana raba ginin iyalai da na gwauraye, kuma da sharaɗin iyalina na tafe aka ba ni. Da wannan niyyar na kama. Sai da na zauna na yi lissafin harajin da baƙo ke biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, riyal 400 a wata. Maiɗakina da yara uku, riyal 1,600 ke nan, 19,200 a shekara, ban da makaranta, ban da abinci. Ya kusa hayar gidan gaba ɗaya. Dole muka koma sai dai su zo da bizar ziyara lokacin hutu su koma. Sauran watannin ni kaɗai ne a ɗaki uku. In na dawo daga aikin dare na murɗa makulli, ba mai cewa sannu da zuwa. Ƙamshin girkin maƙwabta na shigowa ta taga, amma ba a aiko yaro da kwano, kai ma ba ka aika. Shekara ta zagayo ban san sunan mutumin da ƙofarsa ke kallon tawa ba, sallama ce kawai a matakala. Duk da haka ranar Juma'ar da na ga dama, mota zan hau, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ina Harami. Wannan ni'ima mahaifina ya rasu yana begenta, sau ɗaya ya samu zuwa.

A gida kuwa labarin da ya bazu shi ne na yi gida a Jidda. Ba a cewa haya. Da azumin bara ɗan Kawuna ya zo Umara, na tarbe shi, na sauke shi, na kai shi Madina. Da lokacin komawarsa ya matso sai ya ce shi fa ya zo ke nan, zai ɗan zauna a wurina ya nemi abin yi, ai ga ɗakuna nan a rufe. Na zaunar da shi na gaya masa gaskiya. Wanda bizarsa ta ƙare ya ƙi fita, in aka kama shi tarhil za a kai shi a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wanda ya ba shi masauki kuma tara ce da ke iya kaiwa riyal 100,000, da ɗauri har wata shida, sannan a kore shi tunda baƙo ne. Sunana ne a Ejar, lambar igamata ce a kan gidan, haris kuma ya san kowa da ke hawa da sauka. Na ƙara masa guzuri, na raka shi filin jirgi da kaina.

Kawu ya kira ni washegari. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, “Ashe kai ma ka zama Balarabe? Baƙonka annabinka, haka ubanka ya koya maka. Zaurensa ya taɓa kwana ba baƙo?” Na ce, “Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ka saurare ni.” Bai saurara ba. Kuma abin da ya faɗa game da zauren gaskiya ne. Na tashi na ga fatake da almajirai da masu jinya daga ƙauye suna kwana a ciki, kowane dare akushi na fita, ba a tambayar mutum yaushe zai tafi. Kawu kansa a zauren nan ya yi karatunsa. A ganinsa bashi ne ya zo karɓa a wurin ɗan yayarsa, aka hana shi. Ta yaya zan fahimtar da shi cewa zauren Baba na Baba ne, ƙasa tasa gini nasa, ni kuwa a nan ko ƙusa zan kafa sai na tuna da kuɗin ajiyata?

Abin da ya fi ci mini rai, maganar mai ofishin nan ta Bawadi ita ce dai dangina suke so in tabbatar. Can an hana ni gida don ana zargin zan tara mutane, nan an yi fushi da ni don na ƙi tarawa.

Inna ce kaɗai ba ta ɗora mini laifi ba. Ta ce, “Auta, igamar nan taka ita ke ci da gidan nan, ita ke sayen maganina, ita ke biyan makarantar marayun yayanka. Kada ka sake ka yi wasa da ita.” Amma ita ma na san abin na damunta, don Kawu ƙaninta ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun daga lokacin ya rage shigowa gaishe ta. Da aka tashi bikin 'yarsa na aika da gudummawa ta hannun Yaya Babba, aka dawo da ita ko buɗe ambulan ɗin ba a yi ba. Yaron kuwa yana nan yana gaya wa abokansa cewa da na rufa masa asiri da yanzu ya fara turo kuɗi. Wataƙila da ya fara. Wataƙila kuma da mu biyu muka sauka a Kano a jirgi ɗaya da jallabiyar da ke jikinmu.

Inna ta ce in bar mata, da kanta za ta je gidan Kawu bayan Babbar Salla, ita da Yaya. Maiɗakina kuma tana ganin in saki shaggar nan in koma ɗaki ɗaya a ginin gwauraye, abin da ya ragu a zuba a ginin da muka fara a Zariya, wanda ya tsaya a linta tun bara. Lissafinta daidai ne. Sai dai in na saki, yara ba su da wurin sauka in hutu ya zo, kuma ban san ofis nawa zan sake shiga ana tambayata wace ƙasa kafin in samu wani ginin iyali ba. Wa'adin sanar da mai gida na ƙaratowa, har yanzu ba mu tsayar da magana ba.